In sayi Nintendo DS don furojet ɗina, ko emuleta ta wadatar?

Ɗan_Aji_Huɗu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Furojet ɗina na ƙarshe a kan yadda firosesa biyu ke magana da juna ne, sai na ɗauki Nintendo DS, na'urar wasan gem da ake riƙewa a hannu, misali, tunda firosesa biyu ne a cikinta, ARM9 da ARM7. Ina so ARM7 ya karanta inda aka taɓa allo ya miƙa wa ARM9 ta FIFO, wato layin aika saƙo da ke tsakaninsu. Na sa devkitPro (kayan haɗa shirin DS) a laptop, melonDS ma tana aiki, wato emuleta, manhajar da ke kwaikwayon DS a kwamfuta. Dubu 30 ke hannuna, har da kuɗin bugawa da bandin. In sayi DS Lite ta hannu da katin R4 da ake ɗora shiri a kan DS da shi, ko in tsaya a emuleta?

Abban_Gem: Wa alaikumus salam. Ka nemi PSP ta Sony kawai, ta fi daɗin ƙwallo.

Injiniya_09: Ba wasa zai buga ba. Ƙanena, in FIFO kaɗai ce, emuleta ta isa. Layi biyu ne, ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa, kowanne na ɗaukar kalma 16 mai bit 32. Akwai kuma IPCSYNC, bit 4 kacal kowane ɓangare, na "na shirya, kai fa?". Rigima tana farawa ranar da saƙo ya yi girma ka ce bari ka ajiye shi a RAM ɗin 4MB da suke tarayya, ka aika adireshi kawai. ARM9 na da kash, wato 'yar ma'ajiyarsa mai sauri, ARM7 ba shi da shi. Abin da ka rubuta zai iya maƙalewa a kash bai sauka RAM ba, ARM7 ya je ya kwaso tsohon tarkace. Maganinsa DC_FlushRange, umarnin da ke sauke abin da ke kash zuwa RAM. Yawancin emuleta ba sa kwaikwayon wannan, sai shiri ya yi lafiya a kwamfuta ya watse a kan na'ura.

Mai_Takaici: Kar ka saya wallahi. Ni na sayi DS Lite wajen wani a intanet, dubu 28, ya rantse min sabuwa ce fil daga Ingila. Ta zo tana kunnuwa, sauti raɗau. Na ɗora shirina, lambobin tach, wato na inda aka taɓa allo, ba sa motsi ko kaɗan. Na zauna ina zargin ARM7 bai turo ba, na sake rubuta ɓangaren FIFO, na hana kaina barci. Sai da na kai wa mai gyaran waya ya buɗe, ashe igiyar tach ɗin a tsinke take, an liƙe ta da salatif. Na kira mutumin ya ce ni na lalata. Washegari ya toshe lambata. Allah ya isa ban yafe ba.

Abban_Gem: Dubu 28? An yanke ka. Dubu 12 na sayi tawa.

Hajiyar_Kod: A wace shekara? Makon jiya aka ce min 45, babu caja.

Mai_Gyara: Ku da kuke karantawa a takarda ku bar mu da muke buɗe ta. Babu wani firosesa biyu da ke aiki tare, ARM7 na wasannin Game Boy Advance (GBA) ne kawai.

Injiniya_09: Malam, a yanayin GBA gaskiya ne shi kaɗai ke aiki. Amma a wasan DS shi ke riƙe da sauti, Wi-Fi da tach, yana gudu a 33MHz, ARM9 na 67MHz. Riƙe sukurdireba ba ya nuna maka wannan.

Mai_Gyara: To injiniyan Facebook, tach nawa ka taɓa canzawa?

Abban_Gem: Mata biyu, tukunya ɗaya, uwargida ta ɓoye cefane a ɗakinta. Dole amarya ta dafa na jiya 😂

Ɗan_Aji_Huɗu: Na gode Yaya Injiniya. Kenan in na tsaya a FIFO ba sai na saya ba? Sufabaiza na iya cewa sai ya gani a hannu.

Hajiyar_Kod: Ko ka samu na'urar, katin ne bala'in. Wasu R4 na jabu akwai ranar mutuwa a manhajarsu, kwanan wata na cika su ƙi buɗewa. Nawa haka ya yi, sai da na mayar da agogon DS ɗin baya.

Mai_Takaici: Ai mutumin nan har kati ya haɗa min, shi ma bai taɓa aiki ba.

Mai_Gyara: Masu kawo kayan ne ba sa tsoron Allah. Cajar DS Lite ma bakinta daban ne, ta DSi, samfurin da ya biyo bayanta, ba ta shiga, amma haka za su miƙo maka su ce duk ɗaya ne. Wa ke da ta asali ya sayar min?