Furostet ba mafitsara ba ce: wane suna za mu tsayar?

1/ Jama'a, ku zo mu tsayar da magana ɗaya. Da aka sanar a watan Mayun 2025 cewa tsohon shugaban Amurka Joe Biden na fama da sankarar furostet, wasu sun rubuta "sankarar mafitsara", wasu "ta maraina". Duk ba ita ba ce. Furostet wani ƙululu ne a ƙarƙashin mafitsara, ya kewaye hanyar fitsari, shi ke samar da wani kaso na ruwan maniyyi. Mafitsara kuwa har mata suna da ita, kuma sankararta daban take.

2/ Akwai masu cewa "ƙululun maniyyi". Ya yi daɗin faɗi, amma mai ji zai kai hankalinsa ga maraina. Ni dai a riƙe kalmar furostet, yadda muka karɓi asibiti da likita, sai a biyo da bayani a ambaton farko: ƙululun wuyan mafitsara.

3/ Ga abin da ya dame ni. Maza ma suna kamuwa da sankarar nono. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kaso 0.5 zuwa 1 cikin 100 na masu cutar maza ne. Tangarɗar ƙwayar gado da ake kira BRCA2 tana ƙara haɗarin ta nono da ta furostet, har a samu mutum ɗaya da duka biyun, kuma uba kan gadar wa ɗansa ko 'yarsa. To idan likita ya tambayi tarihin gida aka ce "Baba ciwon mafitsara ya yi", an ɓatar masa da sawu.

4/ Sai suna na biyu. Mathew Knowles, mahaifin mawaƙiyar Amurka Beyoncé, ya bayyana a 2019 cewa ya kamu da sankarar nono, yana kuma ɗauke da tangarɗar BRCA2. Ya fi son a ce sankarar ƙirji saboda maza na jin nauyi. Na fahimce shi, amma a wurinmu ciwon ƙirji huhu ne ko zuciya. A faɗe ta yadda take: sankarar nonon namiji. Magidancin da ya ji ƙulli mai tauri a ƙarƙashin kan nononsa ya san da shi ake, ya tafi asibiti.

5/ Wasu magungunan furostet kan kumbura nono ba tare da sankara ba, likita ne zai bambance.

'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, a asibitocinku me ake ce wa furostet?