Ni na samu 23.8, nas ta rubuta 28: wa ya yi kuskure?

Direban Dare:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya na je asibiti a auna mini jini. Nas ta ɗora ni a sikeli, ta tsayar da ni jikin bango ta auna tsayina, sai ta rubuta BMI 28 a kati (BMI shi ne ma'aunin da ke gwada nauyin mutum da tsayinsa), har da jan layi biyu a ƙarƙashi. Mutane sun yi yawa, ban samu na tambaye ta ba. Da na dawo gida na buga a waya: nauyina kilo 81, tsayina mita 1.70. An ce a raba nauyi da tsayi sau biyu, na yi, ya ba ni 23.8. To wa ya yi kuskure? Shekarata 41, akwai ɗan tumbi ba na musu, amma ba a taɓa kira na mai ƙiba ba.

Malamin Lissafi:
Wa alaikumussalam. Malam, nas ce ta yi daidai. Kai ka ninka tsayin da 2 ne, ka samu 3.4. Abin da ake nufi tsayi sau tsayi: 1.70 × 1.70 = 2.89. Raba 81 da 2.89, za ka ga 28. Ɗalibaina ma a nan suke tuntuɓe kullum. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙasa da 18.5 rama ce, 18.5 zuwa 24.9 daidai, 25 zuwa 29.9 nauyi ya wuce kima, daga 30 kuma ƙiba ce sosai. A tsayinka, sai ka sauko wajen kilo 72 kafin ka koma ƙasa da 25.

Mai Ɗaga Ƙarfe:
Ɗan'uwa, kada ka bari lamba ta hana ka barci. Ni nawa 29 ne, kuma ko ka tsunkule ni ba za ka kamo kitse ba. Sikeli bai san tsoka ba, bai san kitse ba, duk kilo ne a wurinsa. Wanda ya ƙirƙiro lissafin ma, Adolphe Quetelet ɗan Beljiyam, ba likita ba ne. Masanin lissafi ne da ke nazarin jama'a a dunƙule tun wajen 1830. Sunan BMI ɗin kuwa sai a 1972 wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Ancel Keys, ya raɗa masa.

Anti Nas:
Mai Ɗaga Ƙarfe, gaskiyarka a kanka, amma kai kana wuni da ƙarfe, shi kuwa bawan Allah yana kwana zaune a mota, kuma da bakinsa ya ambaci tumbi. Direba, tumbin nan ya fi damuna a kan 28 ɗin. Kitsen da ke taruwa cikin ciki, kewaye da hanta da hanji, shi ne ya fi tafiya da ciwon suga da hawan jini. Samo tef ɗin tela, ka tsaya a miƙe, ka zagaya shi tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu. Saki numfashi kamar yadda ka saba, ban da shanye ciki, na san halinku maza. Ana so awon ya kasa rabin tsayinka, wato kai kada ya kai santimita 85.

Kuma kada kilo tara ɗin da Malam ya lissafa ya karya maka gwiwa. Ko kashi 5 cikin 100 na nauyinka ka rage, wajen kilo huɗu ke nan, yana taimaka wa jini da suga. Masu karantawa, wannan ma'auni ba na mai juna biyu ba ne, yara kuma da nasu jadawalin na shekaru. Nawa jinin naka ya nuna jiya?

Direban Dare:
Anti, na ari tef ɗin uwargida. Da na shanye ciki ya ba ni 91, da na saki 96. Jinin kuma 142/90 ta rubuta, ta ce in dawo bayan mako biyu a sake aunawa. Malam, na gode da gyara, ashe jiya murnar banza na yi.