Gidan wasan Globe: karatu ne ko yawo?

Kawu, daga Nima a Accra: Salamu alaikum. Na ga hotunan da 'yarmu ta turo daga Landan, wai malaminsu ya kai su gidan wasan kwaikwayo na Globe. Jama'a, sidi muka tara da gumi aka canza zuwa fam don ta karanci aikin lauya. Kallon wasa ba karatu ba ne, yawo ne.

'Yar, daga Landan: Kawu, Allah ya ƙara girma, ku yi haƙuri in yi bayani. Tikitin tsayuwa na saya, shi ne mafi araha. Wurin yana bakin kogin Tems, an buɗe shi a 1997 bisa siffar na zamanin Shakespeare, shahararren marubucin wasan kwaikwayo na Ingila, gidan da ya ƙone a 1613. Rufin ciyawa ne a kewaye, tsakiya kuwa fili ne, ruwan sama na dukanmu, lema ma an hana. Ɗan wasan ya matso bakin dandali ya kalle mu ido cikin ido, yana kare kansa da baki kawai, jama'a suka yi tsit. Wallahi a nan na gane yadda ake jan hankalin masu sauraro. Ai aikin lauya ke nan.

Kawu: 'Yata, kotu na nan, ki je can ki koya.

Anti, daga Mamobi: Haba Yaya! Yarinyar nan ba ta taɓa kawo mana abin kunya ba.

Malam, daga Sabon Zongo: Alhaji, ni ban ga laifin zuwanta ba. Abin da ke ci mini rai daban ne. Turawa sun adana mutuminsu Shakespeare har yaranmu na tsayawa cikin ruwa dominsa. Mu fa? Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna Salaga, ya rasu a Kete Krachi a 1934. Ya yi waƙoƙi da Hausa da Larabci a kan zuwan Nasara, da kan talauci da wadata. Rubuce-rubucensa na nan a Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon, trotro ɗaya daga Madina. Ɗalibai na tasowa daga Amurka su zo Legon nazarin kiɗa da wasanninmu, amma a makarantarmu in na ambaci sunan malamin nan sai yara su yi ta kallona. Wannan laifinmu ne, mu iyaye da malamai.

'Yar: Malam, ni ma yau na fara jin sunansa. Kuma ajami ba na iya karantawa sosai.

Malam: In kin zo hutun Disamba, ki same ni mu je tare, ni zan karanta miki.

Kawu: Na Legon na yarda, har kuɗin mota ni zan biya. Na Landan kuwa ina nan kan bakana, sai na ga sakamakon jarrabawa.