Abin da aka tattauna kan littafin zanen Simpsons da Futurama

Jama'a, ga abin da na tsinta daga wani zaren tattaunawa a intanet kan littafin zanen da ya haɗa Simpsons da Futurama, shirye-shiryen katun na talabijin guda biyu:

1. Kusan kowa ya ce a fara da labarin farko na kamfanin buga littattafan zane Bongo, na 2002, inda ƙwaƙwale masu shawagi suka jefa su Fry da Bender, taurarin Futurama, cikin littafin Simpsons.

2. Mai neman saya ya nemi bugun 2010 mai kwali. Ya haɗa har da labari na biyu, na 2005.

3. Wanda bai san Futurama ba, ya kalli kaɗan tukuna, in ba haka ba rabin barkwancin zai wuce shi.

An rabu kan labari na biyun: wasu sun ce an cika shi da tarkace, wasu kuwa nan suka fi darawa. Ni dai na farkon ya fi min.