Shekara uku ina kai wa otal-otal kayan gwari a Legas: in rufe ko in ci gaba?

Ɗan Kura:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba. Yau dai abin ya kai ni bango, shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka taɓa kafa nasu a garin nan.

Ni mutumin Kura ne ta jihar Kano. A gonar tumatir na tashi, kwamfuta na karanta, bautar ƙasa ta kawo ni Legas, da na gama ban koma ba. Lokacin ina hidimar, duk Asabar nakan je babbar kasuwar kayan gwari ta Mile 12 wajen mutanenmu. A nan na riƙa ganin masu sayen cefanen otal suna tasowa tun daga Ikeja da Lekki, su sha go-sulo, su saya a gaggauce, sai sun koma su tarar rabin kwandon ya dame. Na ce ai wannan aikina ne, tun ina yaro na san tumatir. A farkon 2022 ni da abokina muka yi rajistar kamfani a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, muka haɗa manhaja: ka saka oda kafin ƙarfe 9 na dare, mu saya da asuba, mu tsince, mu auna a sikeli, kaya su iso kicin ɗinka kafin ƙarfe 9 na safe. Wata shida muka ɓata a kan manhajar nan. Har yau kusan duk odarmu ta WhatsApp take zuwa, yawanci ma saƙon murya.

Wanda bai taɓa shiga Mile 12 ƙarfe 4 na dare ba ba zai gane ba. Manyan motoci sun yi layi, 'yan dako na gudu da kwanduna a ka, ƙasa duk caɓi, kai kuma kana tsugune da fitilar waya kana cusa hannu can ƙasan kwando, don na sama kullum kyakkyawa ne. Kayan nan sun yi tafiyar kusan kilomita 1,000, na ƙasa ya sha nauyin na sama. Ina son wannan lokacin, wallahi. Kuma ba zan manta ranar da wani otal a Ikeja ya fara ba mu odar sati guda cur ba, ko ranar da na biya yarana biyar albashin farko. Ɗaya daga cikinsu ya kira mahaifiyarsa a Gusau a gabana yana gaya mata.

Sai abubuwa suka fara zuwa a jere. Farkon 2023 aka shiga ƙarancin takardar naira, ɗan dako da direba ba sa jin taransifa, sai da na riƙa sayen kuɗi a wajen masu POS. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, kuɗin kai kaya ya ninka fiye da biyu. Dala ta tashi har ta haura naira 1,500 a farkon 2024, mu kuma da dala muke biyan inda manhajarmu ke zaune. A damunar 2024 babban kwandon tumatir ya haura naira 100,000. Duk wannan mun tsallake shi. Abokina dai bai jure ba, ya samu hanya ya tafi Ingila, ban riƙe shi a zuciya ba.

Abin da ke kashe ni yanzu ba rashin ciniki ba ne. Ina da kwastoma 23. Amma a kasuwa kuɗi hannu nake saya, su kuma otal sai bayan kwana 30 suke biya, wasu 45. A daren nan da nake rubutu ina bin mutane naira miliyan 6 da ɗoriya, asusun kamfani kuma ba zai sayi kayan jibi ba. Wani gidan abinci ya rufe da miliyan 1.9 ɗina, manajan ya daina ɗaga waya. Wata bakwai ban ɗauki albashi ba. Kuɗin hayarmu na shekara a Agege ya kusa, maiɗakina ba ta san zurfin ramin ba.

Hanya biyu ke gabana. Wani kamfanin hada-hadar kuɗi ya ba ni aiki da albashi mai kyau. Wani mai kuɗi kuma ya ce zai zuba jari amma a ba shi kashi 45 cikin 100 na kamfanin. In na karɓi aikin, yarana biyar fa? Don Allah ku faɗa mini gaskiya ko da ɗaci.

Tsohon Ɗan Gwari:

Wa alaikumus salam ɗana. Yarona ne ya karanta mini, shi ke rubuta abin da nake faɗa. Na fi shekara 30 a Mile 12, tun kafin a san waya.

Ka ce ko da ɗaci, to ga ta. Kai ba tumatir kake sayarwa ba, bashi kake rabawa, kuma ba jingina. Mai otal yana juya kuɗinka wata guda, ya dafa, ya sayar, ya ci riba, kai kana kwana ba barci. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, na sani. Amma kayan gwari ba atamfa ba ne da za ka je ka kwaso abinka in an ƙi biya. Kwana uku ya zama ruwa. Shi ya sa ka ga mu ba ma sakin kaya sai ga wanda muka san gidansa.

Ka yi farashi biyu. Wanda zai biya a ranar, ka sauƙaƙa masa. Wanda ke son sati, ka ɗora. Wanda ya ce sai wata, ka ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Za su yi fushi, wasu za su tafi, bayan sati biyu rabinsu za su dawo, don wanda ya saba a kawo masa tsintaccen kaya har kicin ba zai so komawa caɓin asuba ba.

Sannan me ya hana ka matan nan masu buka da masu abincin biki? Ka raina su ne don ba su da ofis? Su ne masu biya nan take. Kuma wanda ya fashe amma bai ruɓe ba, wanda Yarbawa ke kira esha, da kake tsincewa, ina kake kai shi? In zubarwa kake yi, ribarka kake zubarwa. Yana da masu saye tun da sassafe.

Abu na ƙarshe. Ka ce daga Kura kake. A rumfunan nan akwai waɗanda ke ɗauko kaya daga Kadawa da Kwanar Gafan, da wuya a rasa wanda ya san mahaifinka. Shekara uku kana saye kullum ba ka taɓa cin kuɗin kowa ba, amma ba ka taɓa zama da dattawa ka nemi a riƙa ɗaga maka kwana biyu ko uku ba? Kana ba baƙo amanar wata guda, kai ba ka nemi ta kwana uku a wajen naka ba. Ka zo ka same ni bayan sallar asuba.

Mai Turaren Agege:

Sannu ƙanena, Allah ya kawo mafita. Ni turaren wuta da humra nake yi, ta Instagram nake sayarwa, shekara shida ke nan, ina da 'yan mata uku da ke taya ni.

Maganar Baba gaskiya ce, sai dai ina roƙon a bi a hankali. In ka yanke wa otal-otal bashi rana ɗaya alhali kuɗinka na hannunsu, wasu za su riƙe tsohon don haushi. Ka fara karɓo na baya, kana kai sabo kana cewa a haɗa da wani abu daga tsohon, sai ya ragu sannan ka kawo sabon tsari a rubuce.

Amma ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne maiɗakinka. Ka gaya mata yau, kar ka kai gobe. Mace ta san akwai matsala tun daga yadda kake ajiye takalmi in ka shigo. In ba ka faɗa ba, zuciyarta za ta saƙa mata abin da ya fi wannan muni. Shekarar da kayana suka lalace a hanyar Maiduguri na ɓoye wa maigidana wata biyu, ranar da ya sani ɓoyewar ta fi yi masa zafi fiye da asarar.

Kuma ka yanka wa kanka albashi, ko kaɗan ne, ka rubuta shi cikin kuɗin da kamfani ke kashewa. Wata bakwai kana aiki kyauta, lissafinka yana nuna maka riba, alhali guminka ne kake kira riba. Sai ka saka albashinka a ciki za ka san ko sana'ar tana tsaye da ƙafarta.

Injiniya a Yaba:

Malam, na taɓa zama inda kake zaune, sai dai ni nawa ya mutu.

Muna da ƙaramin kamfani na haɗa 'yan acaɓa da fasinja, yawancin direbobinmu 'yan Arewa ne mazauna Idi-Araba da Agege. Ranar 1 ga Fabrairun 2020 gwamnatin Legas ta hana acaɓa a manyan sassan gari. Manya irin su Gokada suka juya zuwa kai saƙo, mu ba mu da ƙarfin juyawa. Kuskurena shi ne ban rufe a lokacin ba. Na ƙara wata takwas ina ranto kuɗi ina biyan albashi don kunyar a ce na gaza. Da na rufe da wuri, da na sallami kowa da haƙƙinsa a hannu. Da na rufe a makare, sai da na shekara biyu ina biyan bashi, yaran kuma suka tafi da albashin wata biyu a kaina. Na biya su daga baya, amma har yau in na tuna ina jin nauyi.

Naka ya bambanta da nawa, don kai kana da masu saye kuma doka ba ta hana ka ba. Saboda haka ban ce ka rufe ba. Na ce ka sa wa kanka wa'adi. Kwana 90 ka gwada tsarin Baba. Ka rubuta yau adadin da in asusu ya sauka ƙasa da shi za ka tsaya, kuma adadin ya ishi sallamar yaranka biyar. Ka je wajen masu ba ka aikin nan ka tambaye su ko za su jira, ko su ɗauke ka na wucin gadi. Tambaya ba ta ɓata komai.

Kashi 45 kuwa, ka yi hattara. In ka bayar da kusan rabi tun yanzu, duk mai zuba jarin da zai zo gaba zai ga ba abin da ya rage maka, ya ja baya. Kuma kuɗin nasa ina za su? Cikin ramin bashin otal za su faɗa, wata shida ka dawo inda kake, ga shi kamfanin ba naka kai kaɗai ba. In har za ka karɓa, lauya ya karanta takardar tukuna.

Mu a Yaba, unguwar kamfanonin fasaha, kowa labarin Paystack yake ba ka, kamfanin Najeriya na biyan kuɗi ta intanet, yadda kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a 2020 kan sama da dala miliyan 200. Gaskiya ne, kuma abin alfahari ne. Amma su ba sa loda kwando a mota. Kai fatauci kake yi da taimakon waya, ribar fatauci siririya ce, tana son kuɗi su riƙa juyawa da sauri. Ka kashe manhajar nan tunda ba mai amfani da ita, ka huta da biyan dala, ka riƙe WhatsApp da littafin lissafi mai kyau.

Bazazzagi:

Ƙari kaɗan: duk yadda ta matse, kar ka kusanci manhajojin nan masu ba da bashi a waya. Ban da kuɗin ruwa, in ka makara kwana biyu za su bi lambobin da ke wayarka suna aika wa surukanka saƙo. Na ga an yi wa maƙwabcina.

Ɗan Kura:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta sau uku.

Yaya mai turare, na bi maganarki. Bayan isha'i na zaunar da ita na buɗe mata littafin gaba ɗaya. Ta yi shiru, sannan ta ce ta fi wata uku da sani, tun da na daina sayo wa yarinyarmu yogot in zan dawo. Ta ce tana da zubin adashi da za ta kwasa ƙarshen wata, a rage haya da shi. Ban iya ce mata komai ba.

Injiniya, na lissafa. In na dakatar da manhajar kuma na daina kai wa otal huɗu da suka fi jan biya, cinikina zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, amma kuɗin sayen kaya na kullum zai ishe ni. Na aika wa masu ba ni aikin saƙo ina neman su ba ni zuwa ƙarshen wata uku, ina jiran amsa. Mai kashi 45 na ce masa ya dakata.

Abin da ban gane ba har yanzu shi ne miliyan 1.9 ɗin nan. Ina da takardun karɓar kaya da sa hannun mai kula da kicin ɗinsu, amma ba mu da yarjejeniya a rubuce. In akwai lauya a nan, ko wanda ya taɓa kai irin wannan ƙaramar kotun bashi ta Legas, don Allah ya gaya mini ko waɗannan takardun sun isa.

Baba, esha kam bayarwa nake yi kyauta ga masu shara, ban taɓa auna ko nawa ne ba. Gobe in sha Allah zan auna. Ku turo mini kwatancen rumfarku ta saƙo, ina idar da sallah zan iso.