Shin in riƙa gyara wa 'yata rubutun da take yi a littafinta na kullum?

Maman Hanifa, Unguwar Dosa:
Assalamu alaikum. 'Yata mai shekara 6 tana aji ɗaya na firamare, kuma malamarsu ta ce in ware mata littafi guda da za ta riƙa rubuta abin da ta gani kowace rana. Jiya ta zana Keke Napep, ta rubuta "mun je kasuw" a ƙarƙashinsa, ga shi har yanzu tana juya harafin b ya koma d. Hannuna yana ƙaiƙayin ɗaukar jan biro. Shin in gyara mata ne, ko in ƙyale ta?

Malama Asabe, Kawo:
Wa alaikumus salam. Maman Hanifa, don Allah ki ajiye jan biron nan. Yarinyar da ta rubuta "kasuw" ta saurari kalmar a bakinta, ta rarrabe sautukanta, sannan ta nemo wa kowanne harafinsa, kuma wannan shi ne ginshiƙin karatu da rubutu. Juya b da d kuwa abu ne da aka saba gani a wannan shekarun. Abin da nake yi a ajina shi ne in zauna kusa da yaro in ce ya ba ni labarin zanensa, domin wanda ya rubuta kalma uku yakan faɗi jimla goma da baki, har da wanda ya riƙe kuɗin mota da abin da aka sayo. Daga nan sai in rubuta jimla ɗaya daga maganarsa a ƙasan shafin da fensir, mu karanta tare, ba tare da na soke nasa ba.

Baban Sadiq, Rigasa:
Malama ta yi gaskiya. A makarantar allo yaro yana bin abin da malam ya rubuta masa, amma a wannan littafin shi ne mai maganar, kuma yana buƙatar duka biyun. Sai dai ina ganin a nuna masa haruffa masu lanƙwasa tun da wuri, domin kasa daban, ƙasa daban.

Malama Asabe, Kawo:
Haka ne, Baban Sadiq, amma a yi wannan darasin a wata takarda dabam. Kuma ta riƙa sa ranar a saman kowane shafi, Litinin ko Talata, don a iya kwatanta rubutun watan nan da na watan gobe.

Maman Hanifa, Unguwar Dosa:
Na gode ƙwarai. Yau bayan la'asar ta zana akuyar maƙwabtanmu, ta ba ni labarinta har aka kira magariba, kuma da kanta ta tambaye ni yadda ake rubuta "ƙaho".