Hula ta daina shiga, takalmi ya matse: wa ya ga irin wannan?

Mai tumatir, Mile 12: Salamu alaikum 'yan uwa. Cikin shekara shida takalmina ya tashi daga lamba 42 zuwa 45, ga shi na haura arba'in. Hulunana duk na rabar. In na je gida sallah sai a ce, "Ikko ta karɓe ka!" Likitan da ke duba mini suga ne ya ƙura wa hannuna ido, ya ce in kawo tsohon hoto. Na kai na ɗaurin aurena, ni kaina sai da na tsorata: hanci ya buɗe, haɓa ta turo gaba. Ya ce akromegali ne, wato ciwon da ke sa hannu, ƙafa da fuska su yi ta ƙara girma bayan mutum ya gama tsawo.

Uwargida, Agege: Wa'alaikumus salam Alhaji. Maigidana ne, ni da minsharinsa na fara ganewa, har numfashi na ɗauke masa. Ga zufa, ga wushirya da girmansa, abin da ba a haife shi da ita ba. Mun yi hayaƙi, mun sha rubutu, dangi na cewa sammu ne. Sai da aka gwada IGF-1 a jininsa, wato abin da ke nuna yawan sinadarin girma a jiki, aka ba shi ruwan sukari ana ta ɗibar jini, aka yi hoton MRI. Ashe ƙari ne a fituwitari, wata 'yar halitta kamar ƙwayar wake a ƙasan ƙwaƙwalwa, yana ambaliyar sinadarin girma. Babba ya gama tsawo, shi ya sa ƙashi ke kauri. Ba ciwon daji ba ne, alhamdulillahi.

Direba, Alaba Rago: Ni okada na daina gani in ta biyo ta gefe. Ƙarin ne ya danne jijiyar ido. A titin Legas kuwa, ai kun sani.

Mai ɗinki, Idi-Araba: Ni an yi mini aikin, ta hanci aka cire, ba a fasa kai ba. Kumburin yatsu ya saɓe, zobena ya koma, sugana ya sauka. Ƙashin fuska dai yana nan yadda yake, kada wani ya yi maka alkawarin da ba shi. Nawa bai fita duka ba, ina kan allurar octreotide, mai rage sinadarin girma, duk wata, tsadarta ba a magana.

Mai tumatir, Mile 12: Allah ƙara sauƙi. Hajiya mai ɗinki, kwana nawa kika yi a gado? Ina lissafin wanda zan bar wa rumfa ne.